Amsoshin Tambayoyinku: Ɗana Yana Son Barin Kwaleji Don Tsoron Maciji

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomi daga ƙasar Gombe, ya ce ɗansa da ke kwalejin kwana ya matsa a mai da shi gida. Tun da aka kashe maciji a bayan ɗakin kwanansu ba ya iya barci, ko gizo-gizo ya gani a bango sai jikinsa ya ɗauki ɓari. Shin ya cire shi ne?

AMSA: To Malam, mun gode da wasiƙarka. A ganinmu kada ka cire shi, kuma kada ka ce masa rago. Tsoron maciji ba abin kunya ba ne, musamman a ƙasarku. Kububuwa, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa, ita ce ta fi kowane maciji kisa a arewacin Nijeriya, kuma saboda yawan saranta ne asibitin Kaltungo ya yi suna wajen jinyar waɗanda maciji ya sara. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a shekarar 2017 ta sa saran maciji cikin manyan cututtukan da aka yi sakaci da su.

Sai dai ka duba, su wa ta fi sara? Manoma ne da makiyaya, a gona ko a daji, lokacin shuka da girbi, galibi a ƙafar da ba takalmi. Wato kai da ke kaftu ka fi yaron nan zama cikin haɗari. Maciji ba ya farautar mutum. Ɓera yake bi, shi kuwa ɓera garin kwaki da ƙuliƙulin da yara ke ɓoyewa ƙarƙashin gado yake bi. Don haka ya zuba abincinsa a gwangwani mai murfi, ya riƙa kakkaɓe takalmi kafin ya sa, ya cusa gidan sauro ƙarƙashin katifa, kada ya kwana a ƙasa. Ka saya masa tocila don fita ban-ɗaki da dare. Su kuma ɗalibai su roƙi hukumar makaranta a nome ciyawa, a kwashe tarin duwatsu.

Gizo-gizo kam, na ɗakunanmu ba ruwansu da mutum, sauro da ƙuda suke ci. Ƙurajen nan masu zafi da ake cewa tautau ne ya yi wa mutum fitsari, sau da yawa aikin wani siririn ƙwaro ne mai ja da baƙi da ke bin hasken lantarki. In an murtsuke shi a jiki ruwansa ke ƙona fata. A hure shi kawai, in ya fashe a wanke wurin da sabulu.

Saura tsoron kansa. Ka san an ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Matsalar ita ce gudun ne ke ciyar da tsoron: duk ranar da ya kauce ya ji sanyi a ransa, gobe abin ƙaruwa zai yi. Likitocin ƙwaƙwalwa suna bi da shi ne sannu-sannu. Yau ya kalli hoton maciji a littafi har bugun zuciyarsa ya lafa. Gobe ya tsaya nesa da gizo-gizo, jibi ya matso, har ya iya kife shi da kofi ya fitar waje. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Lars-Göran Öst, ya nuna a 1989 cewa zama ɗaya na kamar awa 3 a kan wannan hanya yakan wadatar da mutane da dama. Amma fa da yardar yaron za a yi. Abokan da ke jefa masa igiya cikin duhu don dariya ɓarna suke ƙarawa. Kuma ba mu ce ya je taɓa macijin daji ba.

In kuwa tsautsayi ya faɗa, Allah ya kiyaye, kada a ɗaure wurin tamau, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a tsaya neman baƙin dutse. A cire zobe da agogo, a hana shi tafiya da ƙafa, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar kashe dafi. Saran kububuwa yakan yi kamar ba komai a ranar farko, daga baya jini ya ƙi tsayawa, saboda haka ko ya ce ya ji sauƙi a tafi. In gamsheƙa ce ta yi masa tofi a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa kafin a kama hanya.