Layin da ke gaya maka motar da za ka ɗauka: lissafin y = ax + b a sauƙaƙe

In kaka ta yi, akan kai riɗi da wake kasuwannin Magaria da Dungass. Wajen cinikin mota ne manomi kan yi asara bai sani ba. Akwai wani lissafi da yaranmu na ajin ƙarshe na kwaleji ke koya kafin jarrabawar BEPC, kuma shi ne maganin wannan asara. A nan Nijar ana rubuta shi y = ax + b. A makarantun Najeriya kuwa y = mx + c ake rubutawa, amma abu guda ne.

Mu ɗauki misali. Kana da buhuna a Wacha za ka kai Magaria. Direba na farko ya ce kuɗin zuwa ɗauka jika 5, sannan kowane buhu dala ɗari, wato sefa 500. Na biyu ya ce shi ba kuɗin zuwa, amma buhu jika guda.

A lissafin na farko, x yawan buhuna ne, y kuɗin da za ka biya. Harafin b shi ne mafari, abin da za ka biya ko buhu ɗaya ba a ɗora ba: 5000. Harafin a shi ne hawan layi, abin da kuɗin ke ƙaruwa duk sanda aka ƙara buhu: 500. Ke nan y = 500x + 5000. Na biyu kuwa y = 1000x, mafarinsa sifiri.

To yaya ake zana shi? A samu takarda mai gida-gida. A ja layi kwance, kowane gida buhu ɗaya. A ja wani tsaye daga farkonsa, kowane gida jika ɗaya. A kan na tsayen, a hau gida 5 a ɗiga alama: ga b nan. Daga wannan alama a matsa gida 2 dama, a hau gida 1, tunda buhu biyu jika guda ne. A ɗiga alama ta biyu, a haɗa su da miƙaƙƙen layi. Alama biyu sun isa. Layin direba na biyu daga kusurwa yake tashi: gida 1 dama, gida 1 sama. Shi ya fi tsayuwa.

Layukan biyu za su haɗu a buhu 10, inda kowa zai karɓi jika 10. Mai buhu 4, na biyu ya fi masa: jika 4 maimakon 7. Mai buhu 20 kuwa, na farko zai biya jika 15 maimakon 20. Jika 5 ke nan ta tsira. Shi ya sa maƙwabta masu buhu uku-uku, in sun haɗa kayansu, sai su tsallake mahaɗar su ci ribar mota mai kuɗin zuwa.

Amma a kula: layin yana miƙe ne muddin kuɗin buhu bai canza ba. In mota ta cika sai an yi sawu na biyu, za a sake biyan kuɗin zuwa, sai a sake lissafi.

Haka ake auna hayar injin ban-ruwa a fadama, ko kuɗin aike da ƴan uwa ke biya daga Kano ko Yamai. Tambaya biyu ce kullum: nawa ne mafari, nawa ne hawa? Mai ɗan kwaleji a gida, ya ba shi takarda yau ya zana masa kafin ranar kasuwa.