Ko Son da Allah Yake Yi wa Bayinsa Yana da Sharaɗi?



Sana'ata nazarin harshen Hausa ce, saboda haka ta ƙofar harshe zan shiga wannan magana, ko da yake asalinta wata tambaya ce da aka yi mini da wani harshe dabam. Lokacin da nake karatun digiri na uku a Ingila, na yi haya a gidan wata dattijuwar Baturiya mai riƙo da addinin Kirista. Ta lura cewa ko a tsakiyar hunturu nakan tashi da asuba in yi alwala. Wata rana muna shan shayi sai ta ce mini, "In da za ka bar wannan salla, Ubangijinka zai daina son ka?" Ta ƙara da cewa su an koya musu Allah Yana son mutum ba da wani sharaɗi ba.

Na buɗe baki, amsa ta ƙi fitowa. In na ce i, na mai da sha'anin Ubangiji ciniki, ba ni gishiri in ba ka manda. In kuwa na ce a'a, to mene ne amfanin hisabi, kuma me ya raba mai adalci da azzalumi? Abin da na tara tun daga ranar shi ne zan gabatar muku yau.

Asalin tambayar

Tambayar dattijuwar nan tana da tushe mai zurfi a wurinsu. A babi na 15 na Linjilar Luka akwai misalin ɗan da ya karɓi rabonsa na gado ya tafi ya lalatar, da ya dawo tsiya ta ci shi sai uban ya tarye shi da gudu tun bai gama ba da haƙuri ba. Wani malamin addinin Kirista ɗan ƙasar Suwidin, Anders Nygren, ya wallafa littafi kashi biyu a 1930 da 1936, inda ya nuna cewa son da Allah Yake yi wa mutum ba darajar mutumin ce take jawo shi ba, son ne yake ba mutumin daraja. Sa'an nan a 1956 masanin halayyar ɗan Adam, Erich Fromm, ya yaɗa ra'ayin cewa son uwa ba shi da sharaɗi, amma na uba sai ɗa ya cancanta. Kiristocin ƙasar Hausa ma, waɗanda suka sami cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, da kalmar ƙauna suka fi bayyana wannan ma'ana. Tambayar ba baƙuwa ba ce ke nan a cikinmu.

Kalmomin da Bahaushe ya tanada

Bari mu duba rumbun Hausa mu ga abin da ke ciki. Kalma ta farko ita ce so. Wannan kalma faɗi gare ta: ina son ruwa, ina son riba, ina son matata. A cikin so galibi akwai bukatar mai yin sa. Haka kuma Bahaushe ya ce so hana ganin laifi, watau so yana da makanta. Waɗannan abubuwa biyu, bukata da makanta, ba su halatta ga Allah ba, domin Shi mawadaci ne, kuma babu abin da yake ɓuya gare Shi. Saboda haka duk lokacin da muka ce Allah Yana so, tilas mu tsame waɗannan biyun daga cikin kalmar.

Ta biyu ita ce jinƙai, da 'yar'uwarta tausayi. Su kuwa daga sama suke gangarowa ƙasa, daga mai ƙarfi zuwa ga mai rauni. Ta uku ita ce rahama, wadda muka aro daga Larabci, inda tushenta ɗaya ne da sunan mahaifa, watau inda ɗa yake kwana a cikin uwarsa. Hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya nuna cewa Allah Ya tsago wa zumunci suna daga sunanSa Arrahmanu. Ku lura da abin da ke cikin wannan: ɗan da ke cikin mahaifa bai yi aikin komai ba, bai roƙa ba, bai ma san akwai mai ciyar da shi ba, amma ana ciyar da shi.

Ta huɗu ita ce ƙauna, kuma a wurinta na fi daɗewa. Mun san ƙauna so ne mai zurfi wanda ya zauna. Amma idan likita ya ga ciwo ya fi ƙarfinsa, sai a ce an yanke ƙauna, ko an fid da ƙauna. A nan ƙauna ba so take nufi ba, tsammani take nufi. Ashe Bahaushe ya zuba so da tsammani a cikin ƙwarya ɗaya. A wurinsa wanda kake ƙauna shi ne wanda ba ka fid da rai da shi ba. Ku riƙe wannan, za mu komo gare shi.

Rahamar da ba ta da sharaɗi

Daga cikin surori 114 na Alkur'ani, 113 sun buɗe da Bisimilla, wadda ta ƙunshi sunaye biyu na rahama. Da yawa daga malaman tafsiri sun ce Arrahmanu shi ne mai rahamar da ta game dukan halitta a duniya, Arrahimu kuwa mai rahamar da ta keɓanci muminai. Aya ta 156 a Suratul A'arafi ta haɗa su duka biyu a wuri ɗaya: ta fara da bayyana cewa rahamar Allah ta yalwaci kowane abu, sa'an nan ta ce za a rubuta ta ga masu taƙawa da masu ba da zakka da masu imani da ayoyinSa.

Kashi na farko ba ya neman komai daga gare mu. Ba mu cika takardar neman a halicce mu ba. Ruwan damina ba ya tsallake gonar fasiƙi ya sauka a ta liman. Wanda ya kwana yana saɓo, da iskar Allah ya yi numfashi har gari ya waye. Bahaushe ya fahimci wannan sarai, shi ya sa ya ce bakin da Allah Ya tsaga ba Ya hana shi abinci, ya kuma ce Allah gatan kowa. Bai ce gatan masu salla ba, ya ce gatan kowa.

Buhari da Muslimu sun ruwaito cewa Allah Ya kasa rahama kashi 100, Ya riƙe 99 a wurinSa, Ya saukar da ɗaya a ƙasa, kuma da wannan ɗayan ne duk halitta take tausayin juna, har dabba take ɗage kofatonta don kada ta taka ɗanta. Sun kuma ruwaito daga Umaru ɗan Haɗɗabi labarin wata mace cikin fursunonin yaƙi wadda take ta neman jaririnta, da ta sami jariri sai ta rungume shi ta ba shi nono. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi sahabbai ko suna ganin matar nan za ta jefa ɗanta a wuta. Suka ce a'a. Sai ya sanar da su cewa tausayin Allah ga bayinSa ya fi na matar nan ga ɗanta. Wannan son uwa da Fromm ya ɗauka shi ne ƙololuwa, a nan an nuna ɓangare ne na kashi ɗaya cikin 100.

Har ila yau akwai sunan Alwadudu, wanda ya zo sau biyu a Alkur'ani, a Suratu Hudu aya ta 90 da Suratul Buruji aya ta 14. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wani bayani mai daɗi a kansa cikin littafinsa na sharhin sunayen Allah. Ya ce rahama tana bukatar a sami mai rauni wanda za a ji ƙansa, amma Alwadudu ba Ya jiran haka, Shi da kyauta Yake farawa tun daga farko.

Son da yake da sharaɗi

To amma da na tsaya a nan da na faɗi rabin gaskiya. Alkur'ani ya ambaci waɗanda Allah Yake so: masu kyautatawa, masu tuba, masu tsarki, masu haƙuri, masu adalci, masu dogara gare Shi. Ya kuma ambaci waɗanda ba Ya so: azzalumai, maɓarnata, masu girman kai, maha'inta. Aya ta 31 a Suratu Ali Imrana ta ɗora samun son Allah a kan bin Annabi. Wannan sharaɗi ne a fili, babu kewaye-kewaye.

A ganina wannan sharaɗin ma rahama ne. Ku ɗauki marayan da aka cinye wa gado. In aka ce masa matsayinsa da na wanda ya cinye gadon ɗaya ne a wurin Allah har abada, ba a yi masa albishir ba, an ƙara masa maraici ne. Son da ba ya bambanta mai yanka da wanda ake yankawa ba so ba ne, halin ko-in-kula ne. Uwa takan hori ɗanta domin ta damu da abin da zai zama.

Sai dai kada mu ɗauki sharaɗin kamar farashin kaya. Aya ta 54 a Suratul Ma'ida, da take sifanta wasu mutane, ta gabatar da son da Allah Yake yi musu kafin son da suke yi maSa. Ga kuma labarin sahabbai uku, Ka'abu ɗan Maliki da Murara ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya, waɗanda suka ƙi fita yaƙin Tabuka a shekara ta 9 bayan Hijira ba da wani uzuri ba. Sun faɗi gaskiya, aka ƙaurace musu kwana 50, ba mai yi musu magana, har ƙasa duk da faɗinta ta yi musu ƙunci. Aya ta 118 a Suratut Tauba ta kawo ƙarshen lamarin, kuma tsarinta abin lura ne ga mai nazarin harshe: ta fara ambaton juyowar Allah gare su, sa'an nan ta ce domin su tuba. Watau tubar da ake nema daga bawa, Shi ne Yake fara buɗe masa hanyarta. Abin mamaki, wannan aya tana cikin surar nan guda ɗaya da ba ta da Bisimilla a farkonta. Annabi kuwa ya tabbatar cewa babu wanda aikinsa kaɗai zai shigar da shi Aljanna, har shi kansa, sai in Allah Ya lulluɓe shi da rahama.

Yanzu mu komo ga ƙauna. Aya ta 53 a Suratuz Zumar tana magana ne da waɗanda suka wuce iyaka wajen cutar kansu, amma duk da haka ta kira su bayin Allah, ta kuma hana su fid da rai da rahamarSa. Idan malamanmu suka zo nan a wurin tafsiri, yanke ƙauna ko ɗebe ƙauna sukan ce. Ƙofar tuba a buɗe take har rai ya zo ga gargara. Mukan ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Bawa ne yake yanke ƙauna. Daga can ɓangaren ba a rufe masa ƙofa muddin yana numfashi.

Abin da ya rage gare mu

Ɗalibai, yawancinmu mun tashi da waƙoƙin wa'azi waɗanda suka fi ba da ƙarfi ga mutuwa da kabari da siraɗi da wuta. Suna da amfaninsu. Amma na sha ganin saurayin da ya yi kuskure ɗaya, ya ɗauka tasa ta ƙare, sai ya saki salla ya bi duniya, yana cewa wanda ya jiƙe ba ya gudun ruwa. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya kwatanta zuciya da tsuntsu: so shi ne kansa, tsoro da fata su ne fikafikansa biyu. Tsuntsu mai fiffike ɗaya ba ya tashi, wanda aka cire wa kai kuwa mushe ne.

Ma'aikatan gwamnati, ku kuma ga naku kashi biyu. Na farko, Ubangijin da kuke bauta wa bai tambayi ƙabila ko addini ba kafin Ya saukar da ruwa. Saboda haka wanda ya zo gaban teburinku da takardarsa, kada ku tambaye shi wa ya sani. Na biyu, kada wani ya fake da yalwar rahama ya ci dukiyar jama'a yana cewa Allah mai gafara ne. Muslimu ya ruwaito hadisin matsiyaci na haƙiƙa, wanda zai zo ranar ƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, sai a yi ta kwasar ladansa ana biyan masu haƙƙi har ya ƙare, sa'an nan a ɗora masa zunubansu. Haƙƙin bayi sai an mayar ko an yafe. Fansho ɗin tsohon da aka danne fayil ɗinsa yana cikin wannan lissafi.

Dattijuwar nan ta riga mu gidan gaskiya ban ba ta amsa ba. Da tana nan da na ce mata: Mama, in na bar salla rana ba za ta daina fito mini ba, abincina ba zai yanke ba, ƙofa kuma ba za ta rufe ba, domin wannan rahama ce da ta riga ni zuwa duniya. Amma zan rasa kusanci, kuma ni ne na juya baya. Ina tashi da asuba ne domin an riga an ba ni, ba domin in saya ba.

Allah Ya sa mu cikin waɗanda Yake so, Ya kiyashe mu yanke ƙauna.