Lissafin Kwanaki A Fataucin Kurmi

Tun shekarar 1916 da layin dogo ya haɗa Fatakwal da Inugu don jigilar kwal, fataken Arewa suka ƙara samun gindin zama a garuruwan Gabas. Daga cikinsu ne aka sami Malam Umaru Altine, ɗan kasuwar shanu daga lardin Sakkwato, wanda ya zama magajin garin Inugu na farko. Har gobe shanu da albasa da tumatir da wake na gangarowa zuwa Anacha da Inugu da Fatakwal. Sai dai akwai abu guda da littafin mafi yawan fataken ba ya ɗauke da shi, wato adadin kwanakin da kowane zuwa ya ci.

Falke ya san kuɗin saye da na mota da la'adar dillali da ladan 'yan dako, har kwabo. Amma a tambaye shi kwana nawa jarinsa ya yi a waje kafin ya dawo hannu, sai ya yi ƙiyasi. Alhali a nan ribar take.

Alal misali, a ɗauki fatake biyu, kowanne da jarin naira miliyan 5. Na farko yana cin ribar kashi 10 cikin 100, amma sai bayan kwana 15 kuɗinsa ke dawowa. A wata zai juya sau biyu, ya tashi da naira miliyan 1. Na biyu ya yarda da kashi 8 cikin 100, kuɗinsa na dawowa cikin kwana 10. Zai juya sau uku, ya tashi da naira miliyan 1 da dubu 200. A zango na farkon ake yi wa kallon gwanin ciniki, ga shi kuwa na biyun ya fi shi samu.

Auna lokacin aiki tsohon ilmi ne. Frederick Taylor na Amurka ya yaɗa shi a masana'antu da littafinsa na 1911, yana bin ma'aikata da agogo. Falke ba ya bukatar wannan tsanani. Ya ishe shi ya rubuta ranar lodi, da ranar isowa, da ranar da kaya suka ƙare, da ranar da kuɗin ƙarshe suka shigo.

Idan aka jera waɗannan na wata uku, za a ga inda kwanaki ke zurarewa. Kowa kan ɗora laifi a kan hanya, kuma da gaskiyarsu: shingaye da masu karɓar haraji da lalacewar mota na cinye sa'o'i, tumatirin Kadawa kuwa ba ya jira. An ma sami sauƙi ta wani gefen, domin gadar Neja ta biyu da aka buɗe a 2023 ta rage wa tsohuwar gadar 1965 cunkoso. Amma a harkar shanu, jinkirin da ba a cika lura da shi ba yana farawa ne bayan an sauke. Bisa tsohuwar al'ada, mahauta kan ɗauki dabba bashi, maigida ya tsaya musu, falke kuma ya zauna a masauki yana jiran biya, yana ci daga uwar kuɗi.

Haka nan ranar isowa na da nata hukunci. Zaman gida na ranar Litinin da aka fara a Agustan 2021 ya nuna wa masu kai kaya Anacha da Inugu cewa motar da ta iso daren Lahadi na iya kwana biyu ba a taɓa ta ba. Wanda ke da rubutu shi ya fi saurin gane cewa ranar lodi a Potiskum ko Aliero ce ya kamata a matsar.

Wannan aiki ya fi dacewa da masu gida da shugabannin zango, tun da ta hannunsu kuɗi ke bi. Layi ɗaya na kwanan wata a gefen littafin bashi zai nuna mahaucin da ke biya cikin kwana uku da wanda ke kai mako biyu, sai a sa wa kowa farashinsa.