Kashin shanu da karan hatsi: maganin gubar da ke ɓoye a gona

Ƴan uwa makiyaya, aikina duba lafiyar dabbobi ne, amma yau a kan ƙasar gona zan yi magana, domin yunwar da ke kama garke da bazara daga can take farawa.

Jigawar da ke kewaye da Yamai rairayi ce mai tsami. A Sadore, kimanin kilomita 45 kudu da birni a hanyar Say, inda cibiyar binciken noma ta ICRISAT take, ma'aunin tsami da ake kira pH yakan sauka ƙasa da 5. Idan ya kai haka, alminiyam, ƙarfen nan da ake yin tukwane da shi, wanda dama yana cikin ƙasa a daskare, sai ya narke ya zama guba. Saiwar hatsi ta gajarce, ta kumbura, ta kasa nitsawa neman laima. Shi ya sa a gona ɗaya za ka ga nan hatsi ya fi mutum tsawo, taku biyar gaba ko gwiwa bai kai ba.

Alminiyam kuma yana riƙe fosfor, ya hana shuka sha. Kara da harawa su fito kaɗan, kuma ba ƙarfi. Saniyar da ta rasa fosfor takan tauna ƙashi, nononta ya ragu, ta yi jinkirin ɗaukar ciki.

Maganin yana bayan dabbobinmu. Idan kashin shanu da kara suka ruɓe, sukan saki wasu sinadarai masu tsami, dangin na lemun tsami. Wannan tsamin ba ya cutarwa: yana kama alminiyam ya ɗaure shi yadda ba zai taɓa saiwa ba, fosfor kuma ya samu sakewa. Wani bincike kan ƙasar Sadore da aka wallafa a 1991 ya nuna barin kara a gona yana rage wannan guba, hatsi ya ƙara girma. Fitsarin shanu ma yana rage tsamin ƙasa, don haka garken da ya kwana a gona ya fi takin da aka kwaso busasshe daga turke.

Sai dai karan ba ya zama. A Gaweye, bakin gadar Kennedy, nakan ga amalanke da raƙuma suna shigo da kara da harawa don masu kiwon turke, musamman gab da layya. Ban ga laifin manomi ba, kuɗi yake nema. Amma kowane dami da ya haye gada, gona ta rasa shi, kashin ragon birni kuma ba safai yake komawa can ba.

Ga abin da nake roƙon ƙungiyoyinmu. Mu farfaɗo da tsohuwar yarjejeniya da manoma: bayan girbi garke ya sauka a gona, ya ci ganyen kara, ya kwana, manomi ya ba da hatsi ko ruwan rijiya. A riƙa matsar da makwancin bayan ƴan kwanaki, a fara da wuraren da shuka ta tsumbure. Sandar karan da dabba ba ta ci a bar ta kwance, kada a ƙone. Masu turke a birni su tara taki, amalanken da ya kawo kara ya koma da shi. A sa wannan magana a taron ƙungiya tun kafin a yanke hatsi.