Wane Ɗinki Ne Zai Yi Ruwa? Hasashen Ruɓewar Ciwo Bayan Tiyatar Hanji

Hanjin ɗan Adam cike yake da ƙwayoyin cuta, musamman babban hanji, kuma da zarar wuƙar likita ta buɗe shi, sun sami hanyar kaiwa ga wurin yanka. Shi ya sa tiyatar ciki da hanji ke cikin ayyukan da ɗinki ya fi yin ruwa a bayansu. A ƙa'idar Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, ana lissafa ruɓewar ne idan ta bayyana cikin kwana 30 bayan aiki. Abin da likitoci suka daɗe suna nema shi ne su gane wanda abin zai sama kafin mugunya ta fito.

Tun a 1964 aka raba aikin tiyata gida huɗu gwargwadon tsabtarsa, daga wanda ba a taɓa hanji ba har zuwa wanda aka buɗe aka tarar kashi ko mugunya sun riga sun malale a cikin ciki. A 1991 masu bincike a Amurka suka ɗora ma'auni a kan wannan rabo: maki ɗaya idan aikin ƙazantacce ne, ɗaya idan likitan sa barci ya ga majinyaci na fama da wata babbar cuta, ɗaya kuma idan aikin ya zarce lokacin da irinsa ya saba ɗauka, kamar awa 3 a babban hanji ko awa 1 a cire afendis. Ma'aunin yana da sauƙi, amma an auna shi ne da majinyatan asibitocin Amurka. Binciken GlobalSurg da aka wallafa a 2018, wanda ya bi mutum 12,539 a ƙasashe 66, ya nuna girman matsalar. Ɗinki ya ruɓe a kashi 9.4 cikin ɗari na majinyata a ƙasashe masu arziki, a matalautan ƙasashe kuwa kashi 23.2. Ko bayan an yi la'akari da ƙazantar aikin da yanayin jikin majinyaci, tazarar ba ta gushe ba. Yaron da zazzaɓin taifot ya huda wa hanji, ya kwana uku a gida kafin a kai shi asibiti a Kano ko Damagaram, ba irinsa aka yi ma'aunin 1991 da shi ba. Duk hasashen da bai sa wurin da aka yi aikin cikin lissafi ba, zai riƙa raina haɗarin waɗanda suka fi shiga haɗari.

Wani zai ce ƙwararren likitan fiɗa ba ya buƙatar maki, tunda da idonsa ya ga abin da ke cikin cikin. Akwai gaskiya a nan, har ma da ƙari, domin biyu daga cikin abubuwan da ake lissafawa, wato ƙazanta da tsawon aiki, sai an gama ake tabbatar da su. Sai dai likitan da ya gani ba shi ne zai wanke ciwon a kwana na goma ba. Ruɓewa da yawa tana bayyana ne bayan an sallami majinyaci ya koma ƙauyensu. Maki da aka rubuta a kati yana faɗa wa nas wanda za a kira a waya, da wanda za a ce ya dawo da wuri, da mai ciwon suga da za a tsananta wa awo. Ido ba ya bin majinyaci gida, rubutu kuwa yana binsa.

Wata sukar ta fi nauyi: in hanyar hana ruɓewar mai araha ce, me ya sa za a tsaya zaɓen wanda za a yi wa? Gwajin ChEETAh na 2022, a ƙasashe bakwai har da Najeriya da Gana da Binin, ya nuna cewa sauya safar hannu da kayan aiki kafin rufe ciki ya rage ruɓewa daga kashi 18.9 zuwa 16. Irin wannan, da allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin minti 120 kafin yanka kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta a 2016, haƙƙin kowa ne, ba a jiran maki. Amfanin hasashe yana wurin abin da ba ya isar kowa: gadon asibiti, lokacin nas, da gwajin ɗakin awo da zai nuna wane magani ne zai yi wa ƙwayar. A binciken 2018 ɗin, fiye da kashi ɗaya bisa uku na ƙwayoyin da aka auna a matalautan ƙasashe sun bijire wa allurar da aka yi kafin aiki.