Idan Gwamnati Ta Sauya, Wa Ke Riƙe Da Aikin Majalisa?

A wannan fitowa allonmu ya ɗauko wata tambaya da ke yawan tasowa a darasin sanin harkokin mulki: ranar da gwamna ya sauka wani ya hau, me ke faruwa da aikin Majalisar Dokoki? Shin komai tsayawa yake yi cak har sai sababbi sun zauna daram?

Tambayar ta shafe mu kai tsaye. A Najeriya ranar 29 ga Mayu ake miƙa mulki, daidai lokacin da manomanmu suka gama sharar gona da kai taki, ido na sama ana jiran ruwan shuka. A lokacin ne kuma 'yan ajin ƙarshe ke cikin jarrabawa, malamai na jiran albashin wata. Da a ce aikin hukuma na tsayawa saboda an sauya shugaba, da mutanen karkara ne za su fara ji a jikinsu.

Wa'adi biyu, ba ɗaya ba

Abu na farko da ya kamata mu riƙe shi ne, wa'adin gwamna daban, na majalisa daban. Sashe na 105 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce majalisar jiha na rushewa ne bayan shekara huɗu daga ranar zamanta na farko. Tunda sai an rantsar da gwamna sannan yake ba da takardar shelar kiran sabuwar majalisa, zaman farko yakan faɗo a watan Yuni. Saboda haka akan sami 'yan kwanaki da sabon gwamna ke kan kujera alhali tsohuwar majalisa ba ta gama wa'adinta ba.

Haka aka yi a Kano a 2023. An rantsar da Abba Kabir Yusuf, wanda ya ci zaɓe a jam'iyyar NNPP, ranar 29 ga Mayu, ya gaji Abdullahi Umar Ganduje na APC. A ranar, majalisa ta tara, wadda Hamisu Ibrahim Chidari mai wakiltar Makoɗa ke shugabanta, tana da sauran kwanaki. Sai a tsakiyar watan Yuni aka ƙaddamar da majalisa ta goma, ta zaɓi Jibrin Isma'il Falgore mai wakiltar Rogo a matsayin kakaki.

Majalisar, wadda ke zama a Sakatariyar Audu Bako cikin birnin Kano, tana da kujeru 40, ƙananan hukumomi kuwa 44 ne. Shi ya sa wasu ke tarayya a wakili ɗaya, kamar Bagwai da Shanono.

Kasafin kuɗi ba ya sauka da gwamna

Babban aikin majalisa na yau da kullum shi ne kuɗi. Tsarin mulki ya hana a ciri ko kwabo daga baitulmalin jiha sai da izinin doka. Shekarar kuɗi ta gwamnati kuwa daga Janairu take zuwa Disamba. Ke nan kasafin 2023, wanda tsohuwar gwamnati ta gabatar a ƙarshen 2022 majalisa ta amince da shi, bai mutu ranar 29 ga Mayu ba. Doka ce, kuma da ita sabuwar gwamnati ta ci gaba da biyan albashi da sauran hidimomi. Da ta so shigo da nata ayyukan, sai ta aika wa majalisa ƙwarya-ƙwaryar kasafi, wato ƙarin kasafi na tsakiyar shekara, aka bi masa matakan da ake bi wa kowane ƙuduri.

To idan shekara ta shigo ba a gama kasafi ba fa? Masu rubuta tsarin mulki sun hango wannan. Sashe na 122 ya yarje wa gwamna ya ci gaba da kashe kuɗin tafiyar da hukuma har tsawon wata shida, amma kada ya wuce gwargwadon abin da aka ware a irin wannan lokaci a bara.

Abin ya yi kama da gandu. Idan maigida ya tsufa ya miƙa wa babban ɗansa ragama ana gab da damina, ba za a ƙi shuka ba don an sauya mai ba da umarni. Irin da ke rumbu shi za a shuka, takin da aka kai shi zai yi aiki. Sabon tsari sai a hankali.

Ƙudurorin da ke kan hanya

Kafin ƙuduri ya zama doka, sai an yi masa karatu na farko, inda ake ambaton sunansa kawai. A karatu na biyu ake tafka muhawara a kan manufarsa. Daga nan a miƙa shi ga kwamiti ya tsefe shi, wani lokaci har a gayyaci jama'a su faɗi ra'ayinsu. Sai karatu na uku, sannan a kai wa gwamna. Sashe na 100 ya ba gwamna kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa na iya sake amincewa da ƙudurin ya zama doka ba da hannunsa ba.

Ƙudurin da wa'adin majalisa ya ƙare bai kai gaci ba, a al'ada sai an sake gabatar da shi a sabuwar majalisa. Wannan ne ya sa makonnin ƙarshe ke cika da gaggawa, kowa na son nasa ya tsallake kafin a tashi.

Wanda ya riga ya tsallake kuwa yana iya samun sa hannun sabon shugaba. Ga misali daga Abuja da ya shafi ɗalibai. Majalisar Tarayya ta tara, ta zamanin Muhammadu Buhari, ita ta zartar da ƙudurin ba ɗaliban manyan makarantu rance. Amma Bola Tinubu ne ya sa masa hannu ranar 12 ga Yuni 2023, kwana ɗaya kafin a ƙaddamar da majalisa ta goma. Wasu suka shuka, wani ya girbe.

Ranar zaman farko

A ranar da sabuwar majalisa ke zama babu kakaki tukuna. Akawun majalisa, wanda ma'aikacin gwamnati ne ba ɗan siyasa ba, shi ke karanta takardar shelar gwamna, ya kira sunayen zaɓaɓɓu, ya jagoranci zaɓen kakaki da mataimakinsa. Kowane wakili sai ya bayyana kadarorinsa ya yi rantsuwa kafin ya shiga harkar majalisa. Bayan haka jam'iyyu su fitar da shugaban masu rinjaye da na marasa rinjaye, a kafa kwamitoci irin na ilimi, noma, lafiya da kasafi.

Aiki na gaba shi ne tantance kwamishinoni, domin gwamna ba ya naɗa kwamishina sai majalisa ta amince. Gyaran tsarin mulki da aka sa wa hannu a watan Maris 2023 ya wajabta wa gwamna miƙa sunayen cikin kwana 60 da rantsar da shi. Kafin a naɗa su, manyan sakatarori ke riƙe da ma'aikatu. Su da akawun majalisa da sauran ma'aikata su ne igiyar da ke haɗa tsohuwar gwamnati da sabuwa, domin a hannunsu fayil da lissafi da rubutaccen bayanin kowane zama suke.

Inda muka gaji wannan tsari

Tun 1979 Najeriya ke bin tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka. Amma karatu uku, da sandar majalisa, da kujerar kakaki, duk daga Ingila muka gaje su. Can ma sun sha fama da irin tambayarmu a zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901.

A watan Yuni 1885, lokacin Sarkin Kano Muhammadu Bello na kan gado, gwamnatin Firayim Minista William Gladstone ta sha kaye a majalisar wakilai ta Landan a kan kasafin kuɗi, saboda ƙarin harajin barasa. Ƙuri'a 264 suka ƙi, 252 suka yarda. A tsarinsu, gwamnatin da ta faɗi a kan kasafi ba ta da sauran zama, don haka Gladstone ya ajiye aiki.

Nan aka shiga tsaka mai wuya. Ba a iya yin zaɓe nan take ba, domin an ƙara yawan masu jefa ƙuri'a a 1884, kuma dokar sake raba mazaɓu ba ta kammala ba. Jagoran 'yan adawa, Lord Salisbury, ba shi da rinjaye, sai ya yi ta jan ƙafa yana neman tabbacin cewa mutanen Gladstone ba za su toshe kuɗin tafiyar da hukuma ba. An shafe kusan mako biyu ana kai da kawowa ta hannun Sarauniya. A tsakanin nan tsofaffin ministoci na riƙe da ofisoshinsu, majalisa na zama kaɗan ta ɗage, tana taɓa abin da ya zama dole kawai. Salisbury ya karɓi mulki a ƙarshen watan, dokar mazaɓu ta samu sa hannun Sarauniya ranar 25 ga Yuni, aka zartar da kasafin da aka yi wa gyara, sannan aka yi zaɓe a Nuwamba da Disamba.

Akwai wata ƙa'ida ta lokacin da za ta ba ku mamaki. Ɗan majalisar wakilai da aka naɗa minista sai ya sauka daga kujerarsa ya koma mazaɓarsa ya sake neman ƙuri'a. Don haka ɗaya daga cikin ayyukan majalisa a kowane sauyin gwamnati shi ne ba da umarnin waɗannan zaɓuɓɓukan cike gurbi. Sai a 1926 aka soke ƙa'idar gaba ɗaya.

Akawun majalisar a lokacin shi ne Erskine May, wanda ya riƙe muƙamin daga 1871 zuwa 1886. Firayim ministoci sun hau sun sauka a gabansa, shi yana kan teburinsa. Littafin da ya wallafa a 1844 kan ƙa'idojin zaman majalisa har yau ana sabunta shi ana aiki da shi.

Takardar da ta wuce ba a lura ba

Kada mu ɗauka aikin yau da kullum ƙaramin abu ne. A 1886 gwamnatin Gladstone, wadda ta dawo a farkon shekarar, ta sake faɗuwa a majalisa, wannan karon a kan batun ba Ailan 'yancin tafiyar da harkokinta. Hankalin Ingila duka ya koma kan zaɓe. A cikin wannan hayaniya, ranar 10 ga Yuli, kwanaki kaɗan kafin gwamnatin ta sauka, aka ba kamfanin George Goldie takardar izinin Sarauniya ta mulki da ciniki a yankin kogin Kwara da Binuwai. Ba doka ce da majalisa ta yi muhawara ta zartar ba, takarda ce ta ofis da ta daɗe tana yawo daga tebur zuwa tebur.

Wannan kamfani, Royal Niger Company, shi ya share wa mulkin mallaka hanya. A ranar 1 ga Janairu 1900 gwamnatin Ingila ta karɓi yankin daga hannunsa, a watan Fabrairu 1903 sojojin Lugard suka ci Kano. Abin da aka sa wa hannu lokacin da idon jama'a ke wani wuri yana iya bin jikoki da tattaɓa kunne.

Idan babu majalisar fa?

Kano ta ɗanɗana wannan. An ƙirƙiri jihar a 1967, amma sai a Oktoba 1979, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, ta sami zaɓaɓɓiyar majalisar dokoki. A watan Mayu 1983 Rimi ya ajiye mulki, mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa ya hau, majalisa na nan. A Oktoba Sabo Bakin Zuwo ya karɓa bayan zaɓe. Amma da sojoji suka yi juyin mulki ranar 31 ga Disamba 1983, an rufe majalisar baki ɗaya. Ofisoshi sun ci gaba da aiki, sai dai babu sauran wakilin da zai miƙe ya tambayi inda kuɗin makarantar ƙauyensu ya shiga. Daga 1999 zuwa yau kuwa mulkin Kano ya sauya hannu a 2003, 2011, 2015 da 2023, har da sauyin jam'iyya, ba tare da an rufe majalisa ba.

Abin da ya rage gare mu

Majalisar jiha wajibi ne ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara, kuma zama ba ya inganta sai kashi ɗaya cikin uku na wakilai sun halarta, wato 14 cikin 40 a Kano. Yawancin waɗannan ranaku ba sa shiga labarai. A cikinsu ne ake yanke nawa za a ware wa gyaran ajujuwa, da takin zamani, da maganin asibitin karkara.

Saboda haka muna ba 'yan uwa ɗalibai aikin gida guda uku. Na ɗaya, kowa ya san sunan wakilin mazaɓarsu a majalisar jiha da kwamitin da yake ciki. Na biyu, idan an gabatar da kasafi a ƙarshen shekara, mu saurari rediyo mu ji kason ilimi da na noma. Na uku, a shekarar zaɓe mu sa ido a kan abin da ake zartarwa tsakanin ranar zaɓe da ranar rantsuwa, domin a lokacin ne aka fi gaggawa, kuma a lokacin ne jama'a suka fi shagala.

Mu ma a ƙungiyoyinmu na makaranta akwai darasi. Idan 'yan ajin ƙarshe za su tafi, su miƙa littafin rubuta bayanan taro, da lissafin kuɗi, da jerin ayyukan da ba a gama ba, a gaban malami mai kula da ƙungiya. Shugaba mai barin gado da ya tafi da littafi a jakarsa ya mayar da magadansa farkon hanya.

Mai tambaya ko ƙarin bayani ya rubuto ya ba sakataren ƙungiya kafin fitowa ta gaba. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya ba mu damina mai albarka, amin.