Sa'o'i 48 da Babu Mai Ƙirga Su

A doka, babu bambanci tsakanin makiyayin da aka riƙe a kasuwar dabbobin Gidigir da attajirin da aka kama a Yamai. Kundin bin bahasin laifuka na Nijar ya ba jandarma ko ɗan sanda sa'o'i 48 ya tsare wanda ake tuhuma domin bincike. In yana neman ƙari, sai da izinin mai gabatar da ƙara na gwamnati, shi ma sa'o'i 48 ne, sau ɗaya tak. Daga nan ko a saki mutum, ko a gurfanar da shi, tare da takardar likita mai shaida cewa ba a gallaza masa ba. Tun 2014 kuma, ƙa'idar da ƙasashen UEMOA suka amince da ita ta ba lauya damar tsaya wa mutum daga lokacin da aka kama shi.

Dokar ba ta da laifi. Abin tambaya shi ne me ya sa kamun da ba bisa ƙa'ida ba ya zama ruwan dare a karkara, har iyalai suka daina tambayar dalili, sai dai su ce nawa za a kawo.

Babban sanadi, a ganina, shi ne mayar da rigimar dukiya laifi. Gidigir gari ne na ciniki a kan babbar hanyar Damagaram zuwa Difa, inda Manga da Hausawa da Fulani da Buzaye ke haɗuwa kan raƙumi da sa da kanwa da dabino. Cinikin nan na baki ne, dillali ne shaida, amana ce takarda. Idan bashi ya ƙi biyuwa, ko wani ya ce ya gane tambarin gidansu a jikin saniyar da ta riga ta ratsa hannu uku, mai ƙara ba ya son doguwar shari'a a kotun Gure. Ya fi son a kulle abokin rigimarsa kwana biyu, dangi su haɗa kuɗi. Alhali kasa biyan bashi ba laifi ba ne da ake tsare mutum dominsa, maganar kotun farar hula ce. Haka ɓarnar gona: dokar kiwo ta 2010 ta tanadi a fara da sulhu a gaban sarakunan gargajiya. Duk lokacin da aka tsallake maigari aka nufi ofishin jami'an tsaro, wanda ya fi sanin mutane shi ke da gaskiya, kuma sau da yawa baƙon makiyayi ne ke kwana a ciki.

Sai nisa. Mafi yawan lauyoyin ƙasar a Yamai suke, tafiyar kusan kilomita 1,000 daga Gidigir. An kafa hukumar ANAJJ a 2011 domin talaka ya samu taimakon shari'a kyauta, amma ofisoshinta na manyan kotuna ne. Haƙƙin ganin lauya tun daga sa'ar farko bai amfani wanda lauya mafi kusa da shi yake Damagaram, in ma akwai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne takardar bayani. Da Faransanci ake rubuta ta. Mutumin da ya yi magana da Barbarci ko Fillanci, wani ya fassara, wani ya rubuta, sai a ce ya dangwala yatsa. Wannan takarda ita za ta bi shi har gaban alƙali, ita za a karanta, ba abin da ya fito daga bakinsa ba. Yana da haƙƙin a karanta masa ita cikin harshen da yake ji, yana da haƙƙin ya ƙi sa hannu. Mutum nawa aka taɓa gaya wa haka?

Matsalar tsaro ta ƙara dagula lissafi. Bayan hare-haren Boko Haram a Difa da Boso a Fabrairun 2015, an kwashe ɗaruruwan mutane zuwa gidajen kason Kollo da Kutukale, wasu suka yi shekaru kafin a saurare su. An kuma tsawaita wa'adin tsarewa a kan zargin ta'addanci zuwa kwana 15, ana iya sabuntawa. Ba a musun cewa jami'ai na aiki cikin haɗari da ƙarancin kayan aiki. Sai dai zargi mai nauyi irin wannan makami ne a hannun mai ƙullin gaba, musamman a kan matafiyin da ba shi da katin ɗan ƙasa.

Ƙofofin kai kuka su ma sun ragu. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya jingine tsarin mulkin 2010, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta tafi tare da shi. Ficewar Nijar daga CEDEAO a Janairun 2025 ta toshe hanyar kotun ƙungiyar da ke Abuja, wadda ta ba Hadijatou Mani gaskiya a kan gwamnati a 2008.

Asarar ba ta tsayawa a kan wanda aka kama. A sayar da akuya a fito da shi, garke ya watse, in damina ce noma ya wuce. Wanda bai da abin sayarwa ya gangara kaso, inda masu jiran shari'a suka fi waɗanda aka yanke wa hukunci yawa. Sannan shaidu su fara ɓuya, domin sun ga mai kawo rahoto ya koma wanda ake tuhuma, kuma ɓarawon shanu na gaske shi ke cin ribar wannan shiru.

Akwai gyaran da bai buƙatar sabuwar doka. Mai gabatar da ƙara na da ikon duba ɗakunan tsarewa da rajistar da ake rubuta ranar kamu da sa'arsa. Iyali kuma su riƙe lokacin da aka tafi da ɗan uwansu, su nemi a faɗa musu laifin da ake tuhumarsa da shi, su karɓi rasit kan kowace dala da suka biya, in wa'adi ya cika ba a sake shi ba su kai maganar kotun Gure da kansu.